Butocin Alhaji Darakta

Idan ana lissafin manyan mutane a Dutsin-Ma, to a gyara zama, domin dole a zo kan Alhaji Mutawakkil Hudu Karofi, tsohon Mataimakin Darakta mai riƙon ƙwarya. Kai, Allah Ya yi mutum a nan! Ga tsayi, ga tumbi, ga murya irin wadda ko "miƙo mini gishiri" ya ce sai ka ji kamar ana buɗe taro. Ya kwashe ƙuruciyarsa da rabin furfurarsa a wata ma'aikata da ba sai mun kama sunanta ba, kuma duk tsawon shekarun nan aikinsa guda ne, amma fa wane irin aiki! Shi ne mai kula da allunan ƙaddamarwa. Duk rijiyar burtsatsen da aka haƙa, duk kwalbatin da aka zuba, duk ajin da aka shafa wa fenti, sai an kafa allo, can ƙasan allon kuma, bayan sunayen manya, za ka ga an rubuta: "Bisa kulawar Alh. M. H. Karofi." Rijiyar tana iya ƙafewa kafin baƙi su gama shan lemo, kwalbatin yana iya bin ruwan farko, wannan ba ruwan Alhaji. Shi dai allonsa bai taɓa faɗuwa ba. Akwai ƙauyen da har yau da jaki suke zuwa ɗibar ruwa, amma allon yana nan daram, awaki na sosa jiki da shi.

Sai ritaya ta faɗo masa ba ko sallama. Da farko Alhaji bai ɗauke ta da zafi ba, don a ganinsa mutum irinsa ko ya bar ofis, ofis ba zai bar shi ba. Ashe duniya ba ta da kunya. Direba ya daina zuwa, wayar da ke ruri tun safe ta koma sai saƙon kamfani, masu gaisuwa da durƙuso suka koma ɗaga hannu daga kan babur. Duk ya shanye. Abin da ya kasa shanyewa ya faru ne a wani ɗaurin aure, inda aka zaunar da shi a kujerar roba, a layin da rumfa ba ta kai ba. Mai gabatarwa ya riƙe lasifika ya jero sunayen manyan baƙi, har da wani mai sayar da taki, Alhaji na gyara wuyan riga yana jiran nasa, sai kawai ya ji an ce, "da sauran manyan baƙi."

Ya dawo gida ko takalmi bai cire daidai ba, ya zube a kujera.

"Hajiya," ya ce wa matarsa Murja, "yau ni aka saka cikin 'da sauransu.' Ni! Mutumin da sunansa ke tsaye a kan siminti daga nan har iyakar ƙaramar hukuma."

"To Alhaji, ai ka samu hutu ke nan," in ji ta, tana tsince wake. "Ka ci abinci."

Bai ci ba. Ya ji tsoro na gaske, tsoron kada ya koma ga Mahaliccinsa ba a sake kiran sunansa a lasifika ba, cikakke, da duk jelarsa, jama'a na juyowa suna neman mai shi. Wannan kaɗai yake so, kuma a kansa ya ɗaura ɗamara.

Sauran 'yan fansho sa'o'insa kowa ya kama abin yi. Wani ya koma gonar wake a Karofi, wani yana kiwon raguna, wasu kuma sun kafa majalisa a gindin darbejiya suna gyara ƙasa da baki. Alhaji ya dubi waɗannan duka ya ga ƙanƙanci ne. Rannan yana latse-latsen waya sai ya ci karo da wani tsohon Bature a cikin garejinsa, ya haɗa wani inji da hannunsa, wani siririn haske na yawo a kan katako yana ƙona rubutu, hayaƙi na tashi. Leza ake kiran hasken. Ba fenti, ba kwamiti, ba jiran sa hannun kowa, mutum ya rubuta sunansa a duk inda ya ga dama. Alhaji ya miƙe tsaye har wayar ta kusa suɓucewa, ya ce wannan Baturen ɗan'uwansa ne, launin fata ne kawai ya raba su.

Kafin Hajiya ta ankara, an kwashe buhunan wakenta daga sito an jibge a zaure, an manna wa ƙofar siton kwali mai ɗauke da "Cibiyar Binciken Haske ta Karofi." Dibidin falo, wanda take kallon wa'azi da shi, aka farke masa ciki don a ciro idon da ke karanta faifai. Wata tsohuwar firinta da ta biyo Alhaji gida ranar da ya bar aiki, saboda tsabar shaƙuwa, ita ma aka kwance ta, aka zare ƙananan injinanta da bel da sandunan ƙarfe. Abin da ya rage ya yi odarsa ta waya daga ƙasar Sin, ya iso tashar mota a ɗan kwalin da bai kai na ashana biyu ba, amma Alhaji ya tafi tarbarsa da babbar riga. A cikin kayan har da wani koren tabarau na kare ido. Wannan tabarau tun da ya hau goshin Alhaji bai sake sauka ba sai in zai yi sujada. 'Yan unguwa, da yake ba sa barin alheri ya wuce ba su yi masa suna ba, suka raɗa masa Injiniya Tartsatsi. Ya ji, ya kuma ji daɗi, don a cewarsa ko ba komai an dawo da shi layin masu muƙami.

Ya leƙa majalisar 'yan fansho, ba don ya zauna ba, don dai ya wayar musu da kai.

"Jama'a," ya ce, yatsa a sama, "ku a wurinku haske abin neman takalmi ne in an ɗauke wuta. Mu da muka yi zurfi a harkar mulki mun san haske alƙalami ne. Tawada tana gogewa, fenti yana ɓarewa, amma abin da leza ta rubuta ya rubutu. Kuma ku daina cewa na yi ritaya. Canjin wurin aiki aka yi mini, daga ma'aikatar gwamnati zuwa ma'aikatar tarihi."

Sai Malam Ummaru mai hatsi ya muskuta ya ce, "Allah Ya ba da sa'a, Darakta. To shi injin, shina cajin waya?"

Alhaji ya kaɗe riga ya yi tafiyarsa. Ya ce ilmi ba a tura wa mutum shi dole.

Gwajin farko tarihi ne, kuma duk maƙwabta shaida ne. Aka jona batirin sola, injin ya yi gurnani, kan lezar ya zabura ya bar katakon da aka ajiye masa, ya ratsa tebur, ya huda hular Alhaji da ke gefe. Magen gidan ta ga ɗigon haske yana gudu, ta ce wa kanta abinci ne, ta kai masa cafka, ta fito da rabin gashin baki. Wuta ta ja babban injiniya har ya ambaci sunan kakarsa. Amma a faɗi gaskiya ko da a kan Alhaji ne: mutumin nan yana da naci. Ya ɗaure bel, ya saita tsinin hasken, ya kalli Baturensa har ya haddace tarinsa. Wata safiya hayaƙi ya lafa, sai ga shi a kan guntun katako, baƙi wuluk, tsaf: Alh. Injiniya Mutawakkil Hudu Karofi, Mataimakin Darakta mai ritaya. "Riƙon ƙwarya" dai bai samu wuri ba, katakon ya yi kaɗan. Alhaji ya rungume guntun katakon ya yi hawaye.

Daga nan gidan ya shiga uku. Muciya ta samu suna, taɓarya ta samu, ludayi, faifai, kujerar tsakar gida, takalman wanka, har maburgi da ko harafi biyar ba ya ɗauka sai da aka zagaye shi da muƙamin Darakta. Hajiya ta koma ɓoye kwanukanta a gidan maƙwabta. Matsalar ita ce duk wannan ɗaukaka ba mai ganinta sai Hajiya da mage, su kuma sun riga sun san shi. Sai ya faɗa wa goro. Ya sayi ƙwarya guda, ya bi kowane ɗaya ya ƙona masa suna, ya kai wurin wani bikin suna ya raba da hannunsa. Mutane suka karɓa, suka ɓare, suka jefa baki ba wanda ya duba. Wani dattijo ma ya tofar ya ce goron bana ƙauri yake yi.

Ran Alhaji ya ɓaci ƙwarai. Ya zauna tsakar gida yana neman abin da ba a taunawa, ba a ɓoyewa a kicin, abin da kowane namiji daga Dutsin-Ma har Kurfi zai riƙa da hannunsa kullum, ko yana so ko ba ya so.

Hajiya Murja ta gaji da zagayen da yake yi mata a kai, ta ce, "Alhaji, in dai abin kirki kake son yi da wannan ƙarfen naka, ka bar shi ya huta. Ka sayi butoci ka kai masallatai, ko'ina kukan buta ake. Ka samu lada ka bar mini ludayina."

Alhaji ya tsaya cak. Buta! Sau biyar a rana! Ya dubi matarsa da wani irin tausayi, ya ce wani lokaci Allah kan sa hikima a bakin da bai san darajarta ba.

Mota guda aka sauke ta butocin roba a ƙofar gida. Da yake kuma Alhaji mutum ne mai tunanin talaka, sai ya tuna ba kowa ya yi boko ba, kada a zalunci wanda bai iya karatu ba a hana shi sanin wanda ya taimake shi. Don haka bayan suna da muƙami, ya ƙara hotonsa, wanda ya ɗauka yana ganiyar mulki, hula a karkace, haɓa a sama. Rukunin farko lezar ta yi zafi da yawa, ta huda robar daidai ƙwayar idanu. Da aka zuba ruwa sai ga fuskar Darakta tana kuka shaɓe-shaɓe ta ido biyu. Hajiya ta yi dariya har ta riƙe ciki, shi kuwa ya ce wannan gwaji ne na kimiyya, kuma ya yi nasara tunda ya nuna ruwa na fita. Ya rage zafin, ya ƙara gudun injin, unguwa ta cika da ƙaurin roba har maƙwabta suka fara leƙowa ko taya ake ƙonawa. A ƙarshe dai fuska ta zauna a cikin buta raɗau, ana iya shafa ta da yatsa a ji tudun hanci.

Aka kira 'yan acaɓa, aka ɗaure musu butoci a baya tuli-tuli, suka watsu. Wasu suka yi Karofi, wasu Kutawa, wasu suka miƙa Kurfi har Birchi. Hajiya ta tsaya a zaure tana kallo, ta ce, "Alhaji, ni dai na ji malamai na cewa sadaka ɓoye ta ake yi."

"Ai ɓoyewar na yi, Hajiya," in ji shi. "Kin ga na sa lambar waya?"

Ba a jima ba alamu suka fara bayyana. In ya shiga kasuwa sai ya ga ana ƙura masa ido, a taɓa na kusa, a sunkuyar da kai kafaɗu na rawa. Alhaji ya ce kwarjini ne. A kasuwar Kurfi wani mai awon gero ya saki tiya ya bi shi da kallo, ya ce, "Bawan Allah, wallahi kamar na san ka, amma na rasa a ina." Alhaji ya shafa tabarau ya ce, "Za ka tuna." Mutumin kuwa ya tuna, don Alhaji bai yi nisa ba ya jiyo shi ya yi salati ya fashe da dariya. Wannan ma Alhaji ya sa shi a lissafin farin jini.

Sai ga babban labari. Limamin wani masallaci a Birchi, Malam Mahmuda, ya aiko ladaninsa takanas: an gama gyaran masallaci, za a yi walima bayan Juma'a, kuma jama'a sun ce lallai sai mai butoci ya zo an gode masa a bainar jama'a. Alhaji ya sa aka maimaita masa saƙon, wai bai ji da kyau ba.

Ranar ya fito kamar ango. Shadda tana ƙara, turare na tashi, koren tabarau a goshi an goge shi da toka. Da isarsa aka kama hannunsa aka kai shi layin gaba, tsakiyar rumfa, kan kujerar kushin da aka aro daga gidan mai gari. Aka ajiye masa ƙwaryar fura mai sanyi, ya sha har ya ga gindinta, aka ƙaro ya ƙara. Sannan lasifika ta yi ƙara, aka kira shi. Aka kira shi cikakke, tun daga Alhaji har Karofi, da Injiniya, da Mataimakin Darakta, ba a yar da ko wasali ba, jama'a suka juyo gaba ɗaya suna leƙen mai sunan. Daɗi ya kama Alhaji har ya ji ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Ya karɓi lasifika.

"Al'ummar Birchi da kewaye," ya ce, "ban zo don a yabe ni ba, ko da yake na ga kun shirya. Abin da kuka gani a jikin butocin nan ba zane ba ne, kimiyya ce. Ni na haɗa injin da hannuna, a lokacin da sa'o'ina ke gardamar farashin taki. Burina kawai shi ne, duk wanda ya ɗauki butar nan, a duk halin da yake ciki, ya dubi fuskata ya san akwai wanda ya damu da shi."

Aka yi kabbara mai ƙarfi, har ta fi yadda ya zata. Wasu a baya suka faɗa jikin juna.

Malam Mahmuda ya miƙe. Dattijo ne mai sanyin magana, wanda bai iya zolaya ba ko an biya shi, kuma da zuciya ɗaya ya yi jawabinsa.

"Alhaji, kai ba ka san girman abin da ka yi muna ba," ya ce. "Shekara da shekaru muna fama da matsala guda a masallacin nan. Butocin alwala da butocin bayi duk kala ɗaya ne, kullum sai sun cakuɗe. Mun ɗaura zare, ya tsinke. Mun shafa fenti, ya goge. Har faɗa an yi a nan, dattawa biyu suka daina gaisawa. Da naka suka iso, kwamiti ya zauna. Muka ga akwai hoton mutum a jiki, bai kyautu a jera su a ƙofar masallaci inda ake salla ba. Sadaka kuma ba a maido ta, ba a kuma wulaƙanta ta. Sai Allah Ya buɗa muna: muka ce duk mai hoto ta bayi ce, marar hoto ta alwala."

Jama'a suka amsa, "Ƙwarai kuwa!"

"Tun daga ranar," liman ya ci gaba, "ko sau ɗaya ba a sake cakuɗawa ba. Baƙo ya sani, wanda bai yi boko ba ya sani, har Baba Hudu da idonsa ya yi rauni, da ya shafa ya ji hancinka shi ke nan, ya san inda za ta. Da sauran masallatai suka ji, duk suka ɗauka. Kurfi haka ake, Kutawa haka ake, an ce har cikin Dutsin-Ma. Yau ba bayin masallacin da za ka shiga a ƙasar nan ba ka tarar da Alhaji a ciki ba. Allah Ya saka maka da alheri."

"Amin!" ta tashi kamar rumfar za ta yaye. Wani tsoho ya kutso ya kama hannun Alhaji da hannu biyu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni kullum da safe kai nake fara gani."

Alhaji yana nan zaune da murmushin da ya manta bai sauke ba. Kunya ta rufe shi tun daga hula har takalmi, gumi ya jiƙa shaddar, ya ji da ma a cikin "da sauransu" aka bar shi. Ana cikin haka furar nan ƙwarya biyu ta haɗu da jawabin liman a cikinsa, suka murɗa. Ya daure, ta ƙi dauruwa. Ya miƙe a hankali, yana taku irin na manya, ya zagaya bayan masallaci inda butoci suke jere kashi biyu. Ya waiga, ya miƙa hannu wajen marasa hoto.

Ladan, wanda ya biyo shi don girmamawa, ya yi wuf ya tare.

"A'a, ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Doka ce, ko liman bai isa ya shiga da wannan ba."

Ya zaɓo wadda hoton ya fi fitowa, ya cika ta da ruwa, ya russuna ya miƙa masa da hannu biyu. Alhaji ya dubi Darakta, Darakta ya dube shi, haɓa a sama. Ba yadda za a yi, cikin ba ya jira. Ya karɓa, suka shiga tare.